Sunan Surukin Nolitha

Shekara goma sha ɗaya Nolitha ta yi a gidan mijinta, a wani ƙauye bayan garin Qumbu, ba ta taɓa ambatar sunan mahaifinsa ba. Sunansa Ndlela, wato hanya a yarensu. Saboda haka ko hanyar rafi ba ta kira da sunanta, sai ta ce nyathelo, abin takawa, kamar yadda uwar mijinta ta koya mata tun tana amarya.

Da ɓarin jikin dattijon ya shanye, ita ke masa wanka, ita ke ba shi kunun masara a baki. Uwar mijin ta rasu, mijin kuma yana can gonakin inabi, sai ƙarshen shekara. Likita ya rubuta cewa Ndlela ba zai sake aiki ba, ya ce ta kai takardar zuwa ofishin tallafin naƙasassu a madadinsa.

Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi ta tambayi sunan mai neman tallafin. Nolitha ta tura mata katin shaidarsa. Matar ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce bakinta ta tambaya, mutane na jira. Nolitha ta sunkuyar da kai ta ce Nyathelo, da zaton duk macen da aka haifa a ƙasar nan za ta gane. Matar ta buga abin da ta ji a na'ura.

Sai bayan wata uku amsa ta zo: sunan da ke takardar bai dace da na katin ba, a kawo mutumin.

Ta ɗora shi a baro har bakin titi, direba ya kama mata suka sa shi a mota. A ofis ta tarar da matar nan, ta yi mata bayanin abin da ya hana ta faɗin sunan, a hankali. Matar ta yi dariya har da kiran abokiyar aikinta ta zo ta ji.

"Baiwar Allah, na'urata ba ta da suruki. Faɗi sunan, ko ki ba na baya wuri."

Nolitha ta waiwaya. Dattijon yana kan benci cikin bargonsa, baki a karkace, idonsa a kanta.

"Ndlela," ta ce.

Gilashin na da kauri, sai da aka sa ta maimaita da ƙarfi. Wata tsohuwa a layi ta kau da kai.

Matar ta gyara sunan, sannan ta juya takardar likita ta duba kwanan wata. Ta ce wannan ta mutu, wata uku kawai take yi, a samo sabuwa, layin likita kuwa ya kai bayan sabuwar shekara. In ba za su iya ba, su haƙura, shekara biyu ta rage masa ya shiga kuɗin tsufa, in yana nan.

A hanyar gida, tana tura baron, ta ce, "Baba, ka yafe mini."

Da suka isa ta dama kunu, ta durƙusa gefen katifarsa kamar kullum, ta miƙa cokali. Ya datse baki, ya juya fuska bango. Ta zauna riƙe da kwanon har kunun ya huce.