Ƙafa da Bindiga

Ranar wata Talata, ana yayyafi tun safe, Mai Gyara, mai gyaran waya a layin, ya tura ƙofar maƙwabcinsa, tsohon tela, riƙe da 'yar na'urar wasan gem ta jikan telan da aka ba shi ya canza wa batir.

"Zauna nan," in ji Tela. "Hannun damana ya yi ritaya. Ni zan riƙe ƙafa, kai ka riƙe bindiga."

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye aka lulluɓe keken ɗinkinsa da zani. Gem ɗin kuwa ɗan soja ne ke gudu daga hagu zuwa dama yana harbi. Maɓallin tafiya yana hagu, na harbi da tsalle suna dama. Haka suka riƙa yi kullum da yamma, kafaɗa da kafaɗa a bakin gado, kowa da gefensa.

Komai suka wuce ban da wata gada da ke rushewa a bayan sojan. Da zarar sun kai ƙarshenta sai ɗan yatsan Tela ya koma baya kaɗan, sojan ya zurma ruwa.

"Haba Baba! Me ka manta a baya?"

"Ɗan nan, wa ya taɓa gama ɗinki bai koma ya ƙulle zare ba?"

"Gada ce, ba wando ba!"

"To gaya wa yatsan. Ni ma ba ya jin maganata."

Tela ya rantse sai ya ga abin da ke ƙetaren gadar nan. Amma jikinsa ya ci gaba da ja baya, har sai an tokare shi da matashi.

Rannan 'yarsa ta tare Mai Gyara a ƙofa. "Yaya, yau ko ruwa bai sha ba."

"Bar shi ya shigo," muryar Tela ta fito can ƙasa. "Ya kawo bindigarsa."

Mai Gyara ya tallafe na'urar a ƙirjin tsohon. Suka hau gada, tana zubewa a bayansu. Mai Gyara ya riƙe numfashi. Yatsan Tela ya yi rawa, amma bai koma ba. Sojan ya dira kan ciyawa.

Tela ya ƙura ido. "Ashe ciyawa ce kawai." Dariya ta zame masa tari. "Yau ban ƙulle ba. Sai ka ƙulle min."

Washegari da hantsi Mai Gyara ya jiyo kuka ta katanga. Ya ajiye wayar da yake kwancewa.

Bayan kwana biyu 'yar ta miƙo masa na'urar. Ya kunna, ya kama gefen dama kamar kullum. Layin ya rasa tela ɗaya, gado ya rasa mai shi, shi kuma ya rasa abokin faɗa. Sojan na tsaye a kan ciyawa da bindiga a hannu, yana jiran ƙafa.