Tasalla Ta Riƙe Baturiya

A shekarar 1958 aka zaɓi Mainasara, ɗan Tasalla mai ƙosai ta Kiru, ya tafi Ingila ƙaro ilimin jinya na wata shida. Musaya aka yi. Shi zai sauka a gidan iyayen wata ɗaliba, ita kuma ɗalibar, Sista Hilda, ta zo ɗakin shan magani na Kiru. Mudi, malamin asibitin, ƙanin Tasalla ne, kuma sau uku yana yi mata bayani. Ita dai abu ɗaya ta ɗauka.

"Wato sun karɓi nawa, sun ba ni tasu?"

"To, kusan haka ne, Yaya."

"Shi ke nan. Tasu tana hannuna sai nawa ya dawo."

A tunanin Tasalla, duk abin da ta ɗura wa Hilda, wata tana can tana ɗura wa Mainasara irinsa. Don haka da safe koko da ƙosai mai zafi, da rana fura da nonon Fulanin Badafi, da yamma tuwon dawa miyar kuka, man shanu har yana kwanciya a sama. Zakaru biyu suka rasa ransu a wannan hidima. Hilda da ta zo siririya kamar sillen kara, kafin wata huɗu sai da tela ya buɗa mata farar rigarta. Har ta iya durƙusawa ta ce, "Ina kwana, Inna," Tasalla kuwa baki har kunne.

Ashe kanta ta yi wa! Saura wata guda, sai ga Mudi yana sosa ƙeya.

"Yaya, takarda ta zo daga Kano. An ce in Sista ta yarda za a ƙara musu wata shida, ita a nan, shi a can. Ta ce Kiru ta yi mata daɗi, ran Juma'a za ta sa hannu."

Tasalla ta saki cokali a cikin mai. "Na shiga uku! Da hannuna na ɗaure yaron nan!"

Kewar ɗanta ta riga ta cinye ta, amma ina bakin faɗa? Mainasara ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya gaban mutane ta ce tana marmarin ganinsa. Korar baƙo kuma abin kunya ne. Sai ta yanke shawara ta sa baturiyar ta kori kanta.

Ran Litinin ta zuba barkono cike da tafin hannu a miya. Hilda ta ci, fuska ta yi jajir, ga hawaye ga majina, sannan ta miƙo akushi ta ce, "Ƙari, Inna." Ran Talata aka kai mata koko mai tsami da tuwo duk gudaji, ta share tas. Ran Laraba Tasalla ta aro jakin maƙwabci, wanda kukansa ke tashin unguwa, ta ɗaure shi a bayan tagar Sista. Kafin azahar 'yar banzar nan ta raɗa masa suna, tana ba shi dusa a hannu. Kai, wannan yarinya da taurin rai take!

Ran Alhamis da la'asar Hilda ta shigo riƙe da wasiƙa, Mudi yana biye yana danne dariya.

"Yaya, daga uwarta ne," in ji Mudi. "Ta ce tun da ta ji batun ƙarin wata shida ta daina sa wa Mainasara gishiri a abinci, ta kuma rage masa gawayin ɗumama ɗaki, wai ko ya gaji ya tafi a maido mata 'yarta. Shi kuwa sai godiya yake yi mata."

Tasalla ta miƙe zumbur. "A cikin wannan sanyi nasu? Innalillahi! Wace irin muguwar mata ce wannan, ɗan mutane a hannunta?"

Mudi ya leƙa tukunyar da ke kan murhu, miya ta yi ja wur, ya dubi yayarsa. Can waje jakin ya ɓarke da kuka. Tasalla ta koma ta zauna a hankali, kunya ta rufe ta.

Hilda ta durƙusa kusa da ita, ta tattaro 'yar Hausarta. "Inna, in zauna ko in tafi?"

Tasalla ta daɗe tana tura itace cikin wuta.

"Ki tafi, 'yar nan," ta ce. "Uwarki ba ta iya barci. Abinci ma turawa kawai take yi, kuma duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta leƙa."

Mudi ya juya wasiƙar gaba da baya. "Yaya, ai ba ta rubuta wannan ba."

"Ba sai ta rubuta ba," in ji Tasalla. Ta ja bakin zane ta goge ido, ta ce hayaƙi ne.