Wa Ke Jan Igiyar?

Kakana Mishari nutso yake yi a teku yana neman lu'ulu'u, tun kafin man fetur ya cika Kuwait da dogayen benaye. Da na tare a saman wani bene, sai na kai shi ya gani. A bakin lifta, na'urar hawa bene, ya ja ya tsaya, yana leƙen sama.

"Kai, wa ke jan igiyar?"

"Inji ne, tsoho."

"Mai kula da injin fa, ɗan gidan wa ne?"

"Wallahi ban sani ba."

"Mu mai jawo mu da igiya daga ƙarƙashin ruwa, kwano ɗaya muke ci da shi. To maƙwabcinka, yaya sunansa?"

Ta matakala muka hau. Har muka kai ƙofata ban samo sunan ba.