Kaifin Ƙarfen Fijo

Dabo na durƙushe gefen fijo a garejinsa na Ƙofar Kaura, yana goga magagari a bakin farin ƙarfen adon da ya bi jikin ƙofar baya. Ƙarfen ya tsage, ya murɗe waje, kaifinsa kamar aska. Tun da aka gama zaɓe motocin kamfe ke zuwa masa haka, wata ba madubi, wata bamba a hannu.

Mai motar, Alhaji Shehu, sabon kansila, na zaune a benci yana fifita da hularsa.

"Malam Dabo, gobe za a rantsar da mu, soja sun tafi. Ka kashe mani kaifin nan, ka maida shi yadda yake. Jiya har ya kama mani babbar riga."

"Me ya ci shi haka, Alhaji?"

"Direba ya ce akuya suka goga hanyar Batagarawa, ranar da muka yi zagayen godiya. Ni ina gaba, ga ganguna, ga jiniya, ban ji komai ba."

Dabo ya sa filaya ya ɗaga ƙarfen don ya samu cikinsa. Wani ƙyalle ya biyo baya, ya ƙandare da busasshen jini. Ya murza shi da yatsa. Koren yadi ne mai siririn zane baƙi.

Hannunsa ya tsaya. Ya dubi ƙyallen, ya dubi wandon da ke jikinsa. Yadi ɗaya ne. Mahaifiyarsu Hajo ce ta saye shi da ƙaramar salla, ta raba masu shi da ƙanensa Lawal.

Lawal ɗan acaɓa ne. Ranar zagayen yana cikin masu rakiyar Alhaji, da tuta ɗaure a babur, yana ta hon. Da yamma aka tsince shi a bakin titi, cinya a tsage har ƙashi, babu wanda ya ga motar da ta kwashe shi. Yanzu yana kwance a asibiti, likita bai gama yanke shawara kan ƙafar ba.

Kunnuwan Dabo suka toshe. Bugun gudumar maƙwabta ya koma can nesa. Ya dubi ƙarfen. Da hannunsa ya goge rabin kaifin nan, har yana jin daɗin yadda aikin ke kyau.

"Lafiya, Malam Dabo? Ka yi sauri mana, kafin abin nan ya yanki wani."

Dabo ya ajiye magagari a ƙasa. Ya miƙe, ya zura hannu ta taga ya zare makullin motar, ya jefa aljihu. Sannan ya kama hannun Alhaji Shehu, ya buɗe tafin, ya ɗora masa ƙyallen.

"Ya riga ya yanka, Alhaji. Taso mu je ka gan shi."