Bututun Jirgin Baba Jika

"Riƙewa na ce ka yi, Tela. Ban ce ka manna ba."

Na ajiye kwalbar gam ɗin ina ƙunƙuni. Baba Jika ke nan, maƙwabcina a unguwar Plaine Orety, wanda bango ɗaya ya raba ɗakinsa da shagon ɗinkina. Hannunsa rawa yake yi kamar na mai zazzaɓi, amma bai taɓa yarda wani ya ɗiga gam a jirginsa ba. Ni da nake zura zare a allura ina hira, aikina a wurinsa riƙo ne, sai kuma shan faɗa.

Tun da ya bar lodin katako a tashar jiragen ruwa ta Owendo ya kama wannan aiki marar riba, wato haɗa ƙananan jiragen ruwa na roba. Sababbi ba sa burge shi. Tsofaffin kwalaye yake bi, irin waɗanda Turawa ke zubarwa idan za su koma gida, robar ta yi rawaya, ka matsa kaɗan ta karye. Wannan na ƙarshe jirgin dakon kaya ne. Ya ce irinsa ne ya kawo shi daga Legas yana saurayi, yana kwana a gindin bututun hayaƙi don ɗumi. Komai ya zauna, har ƙugiyoyin ɗaukar kaya. Bututun kaɗai ya rage, shi kuma gindinsa ya tsage, sai an goge an daidaita.

Muna cikin haka 'yarsa Rakiatou ta dawo daga farmasi da maganin tarinsa. Warin gam ya tare ta tun daga ƙofa. Ta buɗe taga, ta yi faɗa da Faransanci, ta maimaita da Hausa don kada in ce ban ji ba. Likita ya ce huhunsa ya gaji, wannan warin kuma ƙara cin sa yake yi. Ta ɗauke kwalbar ta jefa a jakarta.

"Papa, kai nake so, ba jirgi ba."

"Ni kuma ba na barin aiki a rabi," in ji shi, ko kallonta bai yi ba.

Daga ranar ya sa ni gaba. Ya ce in sayo masa gam a kanti, na ƙi, domin na yi wa yarinyar alkawari. Ya aiko a ba shi sitacin guga na shagona, ya gwada, bututun ya faɗo kafin azahar. Na ce to ya kawo in kai shago in manna masa, warin ba zai iso shi ba. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

"Sai ya zama jirginka ke nan."

Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya fi. Kullum da hantsi ina jin ƙarar gugarsa ta bango, ƙirit ƙirit, tari ya katse, ya huta, ya ci gaba. Yana goge gindin bututun da abin gyaran farce, ya ɗora, ya duba ta hasken taga, ya sauke. Har lokacin da zama ya gagare shi sai da filo a baya, bai daina ba.

Ranar Alhamis ban ji gugar ba. Kafin rana ta take, kukan Rakiatou ya shigo shagona.

Ni na zuba wa liman ruwa wajen wankan gawar Baba Jika. Da ya zo kan hannun dama sai ya tsaya, ya juya shi, ya kira ni da ido. Babban yatsa da manuni sun yi ɓawo, gam ne ya bushe a kansu. Liman ya ce ruwa ba zai taɓa fata ba, sai an cire kafin a ci gaba. Na nemi ruwan ɗumi da tsumma, na durƙusa ina jiƙawa ina ɓanɓarewa da farcena a hankali, mutane na jira a waje da makara. A nan ne kuka ya ƙwace mini, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Da muka dawo daga maƙabarta na leƙa ɗakinsa. Rakiatou na zaune a bakin gado, idanunta sun kumbura. Ban tambaye ta ba, ita ta fara, ta kira ni Tonton, wato kawu, kamar yadda ta saba.

"Ni na mayar masa da gam ɗin, Tonton. Da safen nan. Ni na tallafe masa gwiwar hannu."

Jirgin yana kan taga. Bututun ya zauna daram, sai dai ya ɗan karkata hagu. A gefensa, inda gam ya narkar da robar, zanen babban yatsansa ya fito sarai.