Giram Goma da Suka Ɓata

Kwananmu ashirin da uku a ɗakin bakwaini. 'Yata ta zo duniya da wata bakwai, ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Ranar farko babanta ya leƙa ta a cikin kwalbar ɗumama jarirai, ya ce, "Wannan ai ƙusa ce, 'yar inci ɗaya." Kafinta ne. Sunan ya bi ta, har ma'aikatan jinya Ƙusa suke ce mata.

Likita ya gindaya mana sharaɗi a fili. An riga an zare mata siririyar robar da ake ɗura mata nono ta hanci, yanzu da bakinta take kama mama. Idan nauyinta ya ƙaru kwana uku a jere, a sallame mu. Idan ya ragu, a mayar da robar, a soma ƙirga daga farko.

Kullum ƙarfe bakwai na safe ake awo, kafin jarirai su sha nono. Sista Babba, wata dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ita ke turo sikelin gado-gado. Ta tuɓe jariri, ta ɗora shi, ta rubuta a fayil. Fayil ɗin ba a ba iyaye. Don haka ni nakan tsaya a bayanta in karanta lambar da kaina, in rubuta a bayan wani kwalin magani da na yage. Litinin Ƙusa ta ƙaru. Talata ta ƙaru, sikeli ya nuna kilo ɗaya da giram ɗari takwas da goma sha biyar. Na haɗa kayanmu tun da yamma, na kira babanta na ce ya shirya.

Laraba da safe na leƙa ta kafaɗar Sista. Ɗari takwas da biyar.

Na sake dubawa. Haka ne. Sista ta rubuta abin da za ta rubuta, aka ƙwala mata kira daga ɗaya ɗakin, ta miƙo min yarinya ta wuce.

Na koma kujerata na sa Ƙusa a ƙirji, fata da fata kamar yadda aka koya mana, na ɗaure ta da zani. Na shiga tuhumar kaina. Jiya da rana ta yi barci a kan mama, na tausaya mata ban tashe ta ba. Ruwan da aka ce in sha, kofi nawa na sha?

Maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ta lura. Ta girme ni, kuma wannan ne zuwanta ɗakin na biyu, ta san kan wurin kamar tafin hannunta.

"Ƙanwata, me ya faru kika yi fuska kamar wadda aka yi wa sata?"

"An yi min, Yaya. Giram goma."

"Goma kacal? Ai fitsari ɗaya ne wannan." Ta matso da kujerarta, ta rage murya. "Ji nan. Likita ba ya zagayowa sai goma. Ki ba ta ta sha ta ƙoshi, sannan ki samu ƙaramar nas ɗin can, ki ce mata kina ganin yarinya ta motsa lokacin awo, a taimaka a sake. Cikinta kaɗai zai cike goman har da gyara."

"An taɓa yi?"

"Ni dai ban gani ba, ban ji ba. Amma kin ga na taɓa fita daga nan."

Ban ƙi ta a take ba, gaskiya. Kwana ashirin da uku ina barci a zaune. Ina kewar gadona, ina kewar ƙofar da zan rufe. Na fito baranda da yarinya a ƙirji na kira babanta. Yana ɗauka na ji ƙarar zarto a shagonsa.

"Maman Ƙusa, yanzu nake goge gadon da na haɗa mata. In zo ƙarfe nawa?"

"Kada ka zo. Ta ragu."

Zarton ya tsaya. Ya ce, "Ke lafiya kike?"

"Ban sani ba."

"To saurara. Ni kin san halina, ina iya barin kujerar mutum da ƙafa uku in kama wani aikin, sai ya zo yana zagina. Amma wanda ya fara yarinyar nan ba irina ba ne. Ba ya ajiye aiki a rabi. In ya ce sai wani mako, gadon ba zai gudu ba."

Na yi dariya da hawaye a fuskata, na kashe wayar.

Na tsaya a barandar ina duban kan Ƙusa. Lokacin da aka haife ta, kunnenta laushi gare shi kamar ganye, in ta kwanta a kansa ya naɗe, haka zai zauna sai an warware mata. Na sa yatsa na lanƙwasa shi. Ya koma da kansa. Farcenta da ban iya gani ba a makon farko, yanzu har yana yaƙushina. Girarta ta fito. Duk wannan aiki ne da ya kamata a yi shi a ɓoye a cikina, ga shi ana yi a gaban idona.

Tun ina ƙarama malamar makarantar Lahadi ta ba mu labarin halitta, na haddace shi don a ba ni fensir. Sai a ɗakin nan na lura da wani abu a cikinsa. Ranar da Allah ya yi haske, babu itace, babu tsuntsu, babu mutum ko ɗaya, duniya ba ta kammalu ba, amma ya duba ya ce ya yi kyau. Bai yi gaggawar jawo rana ta shida ba. Ni ce nake so in jawo ta da ƙarya.

Na ce, "Ya Uba, kai ka san nauyinta, ba sai ka duba sikeli ba. Ina so in tafi gida, ba zan ɓoye maka ba. Amma in ba ta isa ba, kada ka bar ni in fita da ita. Cikin sunan Yesu."

Kuma a aikace ma, wa zan yaudara? A gida babu sikeli, babu Sista. In ta ci gaba da raguwa a can, sai ta yi laushi zan sani.

Na samu Sista Babba a teburinta tana jera allurai a tire.

"Sista, in za a mayar mata da robar, don Allah a mayar yanzu, kada a jira likita. Kada ta ƙara asarar wata rana."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wace roba kuma, 'yata?"

"Ta hanci. Na ga ta ragu." Na miƙa mata kwalin maganina.

Ta karanta shi tun daga sama har ƙasa, kwana ashirin da uku, ta girgiza kai. "Ashe akawu gare ni a baya ban sani ba. To, Malama Akawu, jiya da yamma me aka cire wa 'yarki a hannu?"

"Allurar ruwa."

"Da me?"

"Da ɗan katakon da aka ɗaure mata hannu a kai."

Ta jawo durowa ta fito da irin katakon, mai auduga a jiki, da allura da filasta, ta ɗora su a kan sikeli. Giram talatin da biyar.

"Tun ranar da aka sa mata shi, da shi nake auna ta, don ba zan kwance allura kullum saboda awo ba. In na zo rubutawa sai in cire talatin da biyar. Ke kuma kina can bayana kina rubuta nauyin yarinya da na katako." Ta buɗe fayil ta juyo min shi. "Jiya ɗari bakwai da tamanin. Yau ɗari takwas da biyar, ita kaɗai, ba kaya. Nawa ke nan?"

Na soma ƙirgawa da yatsu. Ita ta faɗa. "Ashirin da biyar ta ƙara. Kwana uku cif."

Na zauna a kujerar da ba tawa ba. Sista ta bar ni na yi kukana, ta ci gaba da jera alluranta. Can ta ce, "Kin ga da kin bi shawarar wasu mutane da ba zan ambaci sunansu ba, kika cika mata ciki aka sake awo, da sai in ga lambar da ba ta yi min ba, in riƙe ku kwana biyu in tabbatar."

Daga ɗaya ɓangaren ɗakin Maman 'Yan Biyu ta ɗaga murya. "Sista, ni fa barci nake yi!"

"Ci gaba da barcinki, uwar dabara."

Likita ya zo ƙarfe goma da rabi, ya saurari ƙirjinta, ya sa hannu a takarda. Sista ta maimaita min dokokin gida sau biyu: nono duk bayan awa biyu ko tana barci, kada a cika mata ɗaki da masu barka, a dawo awo ranar Litinin. Na rubuta duka. Maman 'Yan Biyu ta rungume ni ta gefe don kada ta danne yarinya, ta ce in ajiye musu wuri a waje, suna tafe.

Babanta ya iso da garin katako a gashinsa, ko wanka bai tsaya yi ba. Muka bi dogon barandar, muka wuce inda ake karɓar kati, muka fito fili. Ƙusa ba ta taɓa ganin rana ba sai ta gilashi. Hasken ya sauka a fuskarta, ta yamutsa goshi, ta yi atishawa har sau biyu.

"Kawo ta nan in riƙe," in ji shi.

"Da waɗannan hannuwan? Ga famfo can, ga sabulu a jakata."

Ya tafi yana gunaguni, ya wanke har gwiwar hannu. Na tsaya a inuwa ina jiransa, ina jin numfashinta a ƙirjina.