Tambarin Maƙerarmu

Ina zaune cikin mota a unguwar Ulaya, a ƙasar Larabawan da nake aikin direba, ina jiran kafil ɗina, wato maigidan da ya tsaya mini, ya fito daga ofis, na ji a labarai wai 'yan majalisar wata ƙasa na neman hana ƙera bindigar da ba ta da lamba, wadda ba a gane inda ta fito. Ban iya ƙarasa ji ba, na tsayar da labaran, na ajiye wayata.

Mu gidan maƙera ne. Baba bai taɓa sakin bindigar toka ba sai ya buga mata tambarinsa a gindi, zane uku da jinjirin wata. Kuma ba ya sayarwa sai ga mafaraucin da ya san ubansa.

Da na je gida hutu shekara uku da suka wuce, na tarar ƙanena Buraima ya gaji maƙerar, ana kuma ta kamen maƙera. Ni mai iƙama, takardar zama a ƙasar waje, wanda ya ga duniya, na zaunar da shi na ce, "Kai, wannan tambarin shi zai kai ka gidan yari. Daina bugawa."

"Yaya Dalhatu, ai shi ke sa in duba fuskar mai saye."

"Fuska za ta fitar da kai in an kama ka?"

Ya bi maganata, don ni ne babba. Maƙeran garin suka gani, su ma suka daina.

Watan jiya aka harbe Maulud, mijin ƙanwarmu Zaituna, a gonarsa. Maharan sun yar da bindiga ɗaya garin gudu, ƙirar gida ce, gindinta fayau. Zaituna ta kira ni ina ɗakin kwananmu a unguwar Suwaidi. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Yaya, tambaya ɗaya gare ni. Ta gidanmu ce?"

Na ce ta ba ni lokaci. Na kira Buraima, ashe har ya je ya ga bindigar, ya jujjuya ta a hannunsa.

"Taka ce?"

"Wallahi ban sani ba, Yaya. Yanzu duk iri ɗaya muke yi."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don ni na goge abin da zai wanke shi, ko ya kama shi.

Kafil ya buɗe ƙofa ya ce, "Yalla, mu tafi." Na tayar da mota. Wayar ta yi haske a kan kujera, Zaituna ce, kira na huɗu tun safe.